Ƙafar Baba a Ruwan Bagaruwa

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Uwani, malamar firamare ce ni, ina aure a Yakasai, gidanmu kuma yana Dala. Tun da muka dawo daga asibiti, duk wanda ya zo dubiya sai ya tambaye ni yadda aka yi ciwon da bai kai ƙwayar wake ba ya kwantar da mahaifina har aka kai ga maganar yanke ƙafa. Na gaji da maimaitawa. Ga shi na rubuta, wanda yake da mai ciwon suga a gida ya karanta.

Mahaifina Malam Inuwa majemi ne. Ya fi shekara arba'in yana jima, sai da ido ya yi rauni, suga ya kama shi, sannan ya zauna a gida. Ga wanda bai san aikin ba, busasshiyar fata ake kawo musu ta yi tauri kamar katako, su jiƙa ta a ruwa har ta yi laushi, su sa ta a toka su kankare gashin, a ƙarshe su tsoma ta a ruwan bagaruwa. Bagaruwar ce ke sa fata ta yi ƙwari, ta shekara da shekaru ba ta ruɓe ba. Don haka a wurin Baba, in dai maganar fata ce, ta akuya ce ko ta mutum, babu wanda zai koya masa. Mahaifiyarmu ta rasu, yana zaune da yayana Sani da iyalinsa, ni kuma kullum in na tashi daga makaranta sai in hau adaidaita in leƙa shi.

Wata Asabar na ɗauki sallayarsa zan kakkaɓe, sai na ga jini ya bushe a daidai inda yake tsayawa. Na ce ya miƙo ƙafa. Ashe ƙusar takalminsa ce ta ɓullo ta ciki, ta huda tafin ƙafarsa ta hagu, a tudun nan na ƙasan babban yatsa. Allah kaɗai ya san kwana nawa ya yi yana taka ta. Bai ji komai ba, domin suga ya daɗe da kashe masa jin ƙafa. Na kira mai kemis ɗin bakin layinmu, ya wanke, ya liƙa auduga, ya ce, "Malama, ba a wasa da ƙafar mai suga. Kada ruwa ya taɓa wurin, Litinin ku kai shi asibiti."

Mutumin bai gama fita daga zaure ba Baba ya ce, "Wannan fata nawa ya taɓa riƙewa a rayuwarsa? Uwani, aika a sayo min bagaruwa."

Na ce, "Baba, ai ya ce kada ruwa ya taɓa."

"Ruwa daban, bagaruwa daban. Wuƙa ta yanke ni a majema ya fi a ƙirga. Kin taɓa ganin na je asibiti? Hannu na cikin bagaruwa, kwana uku ya kame."

Gaskiya ne, ban taɓa gani ba. Kuma ni ma na taso ina ganin ana wa masu jego wanka da ita, ana kuskure baki da ita in dasashi na jini. Ban yi gardama ba. Da hannuna na daka ta a turmi, na jiƙa ta kwana, da safe na ɗumama na zuba a wata tsohuwar kwatarniya da ya taho da ita daga wurin aiki. Ƙa'idar da ya kafa ita ce, ƙafa ta shiga ruwa daga bayan asuba zuwa hantsi, ta sake shiga daga la'asar zuwa magariba. In an cire, ba a gogewa. Sai a naɗe da tsumman da aka tsoma a ruwan, a ɗaure da leda, wai don kada ta sha iska kafin maganin ya ratsa. Haka suke rufe fata in ba sa son ta bushe a tsakiyar aiki. Na safe matar Yaya Sani ke yi, na yamma ni.

Satin farko kowa ya yaba. Jini ya tsaya, babu mugunya, ƙafar ta rine ta yi jajur kamar an sa mata lalle. Baba yana zaune a kan kujera, rediyo a cinya, ƙafa a kwatarniya, yana ba masu shigowa labarin mai kemis. Har ni na ji kunyar kiran mutumin da na yi.

A sati na biyu ne na fara ganin abin da ban gane ba. Tafin ƙafar ya yamutse, irin yadda yatsun mace ke yi in ta wuni tana wanki, sai dai nasa ba ya komawa daidai, tunda ba ma barin sa ya bushe. Bakin ciwon ya kumbura ya yi laushi, in na kankare rinin bagaruwar da farce sai in ga fari fat a ƙasa. Wata rana ina kwance tsumman, sai fata ta biyo shi, faɗin yatsa biyu. Na gaya masa.

Ya ce, "Madalla. Matacciyar ce take fita, sabuwa na ƙasa. Ci gaba."

Shi ba ya ganin wurin. Ciwon a tafin ƙafa yake, ga ido ba ƙarfi, ga baya ba ya lanƙwasuwa. Abin da na faɗa masa shi ne abin da ya sani. Kullum in na kwance tsumman sai ya ce, "Yaya?" ni kuma in ce, "Da sauƙi, Baba." Haka aka koya mana amsa wa marar lafiya, kuma ba na son faɗa da shi. Wannan "da sauƙi" ɗin na yi kusan wata ina faɗin ta, kuma ƙarya ce tun daga sati na biyu.

Sati na uku ramin ya kai faɗin murfin kwalba, tsakanin yatsun duk ya tsage ya yi fari, wari ya fara. Matar Yaya Sani ta koma kunna turaren wuta a ɗakin safe da yamma. Nan fa masu ba da shawara suka yi mana caa. Goggo Ladi, ƙanwar Baba, ta taso tun daga Zaitawa da ƙullin kanwa da gishiri ta ce a ƙara a ruwan. Wani abokin aikin Baba ya ce bagaruwar ce ba ta yi kauri ba, matan yanzu ba su iya jiƙo ba. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, wani abu ya taka. Duk cikinsu babu wanda ya ce a fitar da ƙafar daga ruwa. Musu kawai ake a kan abin da za a ƙara a ciki.

Ni ma da nake wannan maganar, kanwar Goggo na zuba.

Ranar Talatar sati na huɗu na zo na tarar da shi yana rawar sanyi da tsakar rana, ƙafar ta kumbura har idon sawu, yana kiran sunan mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ban nemi izinin kowa ba. Na kira Yaya Sani daga kasuwa, muka ɗauke shi a adaidaita, ƙafar na cikin ledarta.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, domin akwai waɗanda suka yi mana alheri a ciki, akwai kuma waɗanda na bar su da Allah. Mun isa kafin azahar, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Layin kati daban, layin biya daban, layin gwajin jini daban, kowace taga ka je a ce ba nan ba ne. Keken tura marasa lafiya guda ɗaya ne mai ƙafa huɗu cikakku, shi ma sai da Yaya Sani ya bi wani da magiya. Baba yana kan benci ya jingina da ni, mutanen da ke kusa suna ja da baya suna toshe hanci da mayafi. Ban ga laifinsu ba.

Wadda ta fara kwance ledar wata ma'aikaciyar jinya ce, babbar mace, kowa na ce mata Sista. Ta dube ni ta ce, "Wa ya yi wannan aikin?" Na ce ni ce. Ta ce, "Kuma an ce min malamar makaranta ce ke?" Ta ɗauki auduga ta yi ta wanke rinin, yana fita ainihin ƙafar na bayyana. Fara ce sol, ta yi luguf kamar gandar da ta daɗe a tukunya, ramin kuma ya zurma ciki fiye da yadda nake zato. Bagaruwar ta rufe mana ido, mun ɗauka jan nan lafiya ce.

Likitar matashiya ce, ba ta da hayaniya. Bayan an sa wa Baba ruwa da allurai, zazzaɓin ya sauka, washegari ta ja kujera ta zauna ta yi mana bayani. Ta ce abin da ya sami fatar, da Turanci maceration suke ce masa. Na ce ta rubuta min, ta rubuta a bayan katin, har yanzu yana jakata. Ta ce ma'anarsa abu ya daɗe a cikin ruwa har ya yi laushi, ya saki jikinsa, ya fara rabuwa. Ta ce fatar mutum katanga ce, in ta jiƙe haka ta daina tare komai, bakin ciwo ba ya iya haɗewa, ƙwayoyin cuta kuma sun sami ɗumi da laima, sai su wuce ciki. Mai suga ga jini ba ya isa ƙafa sosai, ga shi ba ya jin zafin da zai gargaɗe shi.

Baba ya saurara tsaf, sannan ya ce, "To ai jiƙo ke nan, 'yata. Shi muke yi. Sai fata ta yi laushi magani ke shiga."

Ta ce, "Haka ne, Baba. Amma fatar da kuke jiƙawa, dabbar ta riga ta mutu, babu abin da za ta rasa. Wannan akwai mutum a cikinta."

Ya juyar da kai bango. Da ta fita ya ce min yaran yanzu sun iya magana.

Na bi ta waje na tambaye ta abin da ke cina. Na ce da mun zo ranar Litinin ɗin farko fa? Ta ce ba ta san gaibu ba, amma irin wannan hujin sau da yawa wanki da busasshen bandeji da hutar da ƙafa sun ishe shi. Na gode mata. Na shiga banɗakin mata na yi kukana na wanke fuska na dawo, don lokacin ba shi koko ya yi.

Sati na biyar da na shida a ɗakin maza muka yi su, ni da rana, Yaya Sani in ya taso daga kasuwa. Makaranta suka ba ni hutu, Allah ya saka wa shugabarmu da alheri. Komai sai ka sayo da kanka, auduga, safar hannu, ruwan wanki, allura, har Yaya Sani ya rabu da babur ɗinsa. Kowace safiya Sista na zuwa da tirenta ta yanke abin da ya mutu ta share. Bakinta ba daɗi, amma hannunta akwai tausayi, ko sau ɗaya ba ta taɓa tsallake gadonmu ba, ko ranar da ita kaɗai ce a ɗakin. Sai dai kullum abin da take yankewa ƙaruwa yake yi. Babban yatsa ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi.

Ranar Alhamis ta sati na shida likitar ta zo da wani babban likita. Suka duba hoton ƙashi, suka ce cutar ta shiga ƙashin yatsu. In aka yi aiki a cikin kwanakin nan, gaban ƙafar za a cire, a bar masa dunduniya, zai taka. In aka jira ta haura, sai dai daga ƙasan gwiwa, kuma ba su da tabbacin jikinsa zai ɗauka. Suka ce sai ya yarda ya sa hannu.

Baba ya ce, "Da ƙafata na zo duniya, da ita zan koma. Ku sallame ni."

Kwana uku ana abu ɗaya. Goggo Ladi ta zo ta zauna a bakin gado tana cewa asibiti ba su san komai ba sai yanka, a mayar da shi gida, akwai wani mai magani a bayan gari. Yaya Sani ya rasa inda zai sa kansa, in yana gaban likita ya ce a yi, in yana gaban Goggo ya ce a dakata. Baba kuma ya kafe a kan cewa tun da aka daina jiƙon ne ƙafar ta lalace, da an bar shi da bagaruwarsa da yanzu ya warke. Hujjarsa kuwa ni ce. Ya ce, "Ku tambayi Uwani. Kullum tana dubawa tana cewa da sauƙi."

Wallahi ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba. Na ce, "Baba, ƙarya nake yi maka." Har mai jinyar gadon kusa sai da ya juyo. Goggo ta ce, "Ke Uwani, ubanki ne fa." Na ce na sani, shi ya sa. Na ce tun sati na biyu babu sauƙi, tsoron ɓacin ransa ne ya hana ni faɗa. Ranar Baba ko abincin hannuna bai karɓa ba.

Washegari Lahadi da Sista ta zo wanki, na roƙe ta abu guda. Na ce mutumin nan bai taɓa ganin ciwonsa ba, kuma ko an nuna masa hoto a waya idonsa ba zai gane ba, amma hannunsa na gani. Na ce ta bar shi ya taɓa. Ta harare ni, ta ce wannan ba ƙa'ida ba ce. Sannan ta zaro safar hannu sabuwa ta sa masa da kanta. Muka tayar da shi zaune, Yaya Sani ya tallafe bayansa, ni na lanƙwaso gwiwar na ɗora ƙafar a kan ɗaya cinyar.

Ya kai babban yatsansa na hannu ya danna gefen ramin. Wurin ya lotsa, bai dawo ba. Ya ɗan murza, fatar ta zame a ƙarƙashin yatsan. Ya tsaya. Ya sake dannawa a wani wurin, ya kai hannun kusa da hanci ya sansana. Na ga fuskarsa ta canja, ta koma irin wadda na sani ina yarinya in an kawo masa kaya yana dubawa kafin ya yi ciniki.

Ya ce, a hankali, "Wannan ta wuce jiƙo."

Ya ce, "In mai koyo ya manta fata a ruwa ta kwana huɗu, haka take yi. Ko buhun bagaruwa ka zuba mata ba ta kamawa. Wuƙa na taɓa ta take yagewa." Ya ci gaba da bin ƙafar da yatsa, yana dannawa yana matsawa sama kaɗan-kaɗan, ya wuce tudun, ya shiga tsakiyar tafin. Can ya danna ya saki, ya sake dannawa. Ya ce, "Daga nan mai kyau ce. A majema, nan za mu bi da wuƙa mu tsirar da sauran, in ba haka ba duka za a yi asara." Ya ɗago kai wajen Sista. "Kira min yarinyar nan likita."

Da ta zo ya nuna mata wurin. Ta duba, ta ce su ma kusan nan suka yi niyya, sai dai za su ƙara sama da faɗin yatsa ɗaya don a sami abin rufewa. Ya ce daidai ne, ana barin gefe. Ya dangwala yatsa a takardar yarda. Goggo Ladi ta tashi ta fita tana sharar hawaye, ba ta sake zancen mai maganin bayan gari ba.

Ranar Talata da safe aka yi aikin. An cire yatsun biyar da gaban ƙafar, dunduniya ta tsira. Mun ƙara sati uku kafin a sallame mu, ɗinkin ya kame a bushe, ba a sake komawa ɗakin tiyata ba. Yanzu yana takawa da sanda daga ɗaki zuwa zaure. Alwala shafa yake yi a kan bandeji, malamin masallacinmu ne ya zo har gida ya tabbatar masa ya halatta, don daga bakinmu ba zai karɓa ba.

Abin da zan ce wa mai karatu kaɗan ne. Ban ce bagaruwa ba magani ba ce, ba ni da ilimin da zan faɗi haka. Na ce kada a jiƙa ƙafar mai suga in da ciwo a jiki, ko a ruwan me, kada a ɗaure ta da leda. In kun ga bakin ciwo ya yi fari ya yi laushi, ba warkewa yake ba. Kuma in marar lafiya ba ya ganin ciwonsa, kai da kake gani ka faɗa masa abin da ke wurin, ko zai yi fushi. Ina gode wa Sista da likitar nan, da Yaya Sani da matarsa, da duk wanda ya tako ya duba mu. Masu tagogin kati kuwa, Allah ya sa su gane cewa mutane ne a layin. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.

Saura abu ɗaya. Ranar aikin, bayan an fito da shi, wani ma'aikaci ya miƙo wa Yaya Sani abin da aka cire, a naɗe, ya ce a al'ada iyali ke binnewa. Yaya Sani ya sayi farin ƙyalle ya sake naɗewa, ya kai maƙabartar da ake kai mutanen unguwarmu, shi kaɗai, ya dawo kafin la'asar. Mun yi shawara ba za mu tayar da zancen ba. Baba bai gama farfaɗowa ba sai wajen magariba. Ya sha ruwa, ya dubi tudun bandejin da ke ƙarshen gado ya daɗe, sannan ya ce, "Sani, an binne?"

Yaya Sani ya ce, "An binne, Baba."

"Ka sa alama a wurin?"

"Na sa dutse."

Ya gyaɗa kai ya lumshe ido. Ya ce, "To. In lokacina ya yi, kada ku kai ni nesa da ita."